Karatu Ta Intanet A Wurin Aiki: An Sayo Kwamfuta, Amma Wa Ke Riƙe Da Makulli?

A wannan watan wuraren aiki za mu leƙa, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla malaman makaranta ne, ko ma'aikatan jinya da ungozoma, ko kuma suna aiki a sakatariyar jiha ko ta ƙaramar hukuma. Wadda ma ba ta fita aiki tana da ɗa ko 'ya a hannun waɗannan malamai, kuma ranar da laulayi ko naƙuda ta taso hannun waɗannan ma'aikatan jinya za ta faɗa. Saboda haka maganar ko suna ƙaro ilimi a bakin aikinsu ko ba sa ƙarowa ta shafi kowace mace a gidanta.

Ƙaro ilimi kuwa a yau ya koma kan waya da kwamfuta, mun so ko mun ƙi. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, duk ɗalibin da ke neman jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN, ta fara jarrabawar tantance malamai a 2017, ita ma a kan kwamfuta ake yi. Ma'aikaciyar jinya ko ungozoma ba ta sabunta lasisinta bayan kowace shekara 3 sai ta nuna shaidar cewa ta halarci darussan ƙarin sani, kuma wasu daga cikin darussan nan ana iya yinsu ta waya. A watan Maris na 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft suka ƙaddamar da dandalin karatu na Nigeria Learning Passport, mai ɗauke da darussa kyauta, har da na Hausa. Ga Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, ga kuma cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda har digirin aikin jinya take bayarwa. Hanyoyi dai sun buɗe.

To me ya sa za ki ga makarantu biyu a unguwa ɗaya, wutar lantarkinsu iri ɗaya, albashin malamansu kusan ɗaya, amma a ɗaya malamai sun kama karatun nan suna amfana, a ɗayar kuwa an fara da ɗoki, mako uku ba a sake jin ɗuriyar abin ba?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin wuta da tsadar data. Babu mai musun wannan. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 tayar da janareto ya zama aiki, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har da kashi 50 cikin 100. Amma wannan matsala kowa tana kansa, ba ta bar wani ta kama wani ba. Abin da ke bambanta wurin aiki da wurin aiki shi ne halin wurin, wato yadda aka saba zama da juna: wa ke da ikon magana, wa ake tura wa alheri, me ake yi wa wanda ya yi kuskure, kuma yaya ake kallon ma'aikaciyar da aka gani tana karatu a lokacin aiki. Waɗannan abubuwa ba a rubuce suke a kundin dokokin aiki ba, amma sabuwar ma'aikaciya kafin ta yi wata guda ta haddace su.

Ɗakin da ba a buɗewa sai baƙi sun zo

Duk wadda ta yi aikin koyarwa ta san ɗakin nan. Wani ɗan majalisa ne ko wata ƙungiya ta kawo kwamfutoci, aka yi biki aka yanke kyalle, aka ɗauki hotuna. Daga nan sai a rufe su da leda, a danna kwaɗo, makulli ya koma aljihun shugaban makaranta ko na mutum ɗaya tal da aka ce shi ne "mai kwamfuta". Ranar da ya yi tafiya ko ba shi da lafiya, babu mai shiga. Ranar da masu duba makarantu za su zo, sai a share ƙura a jera yara.

Ban ga laifin shugaban gaba ɗaya ba. Ya san cewa idan kwamfuta ɗaya ta ɓace ko ta lalace, shi za a aiko wa takardar tuhuma, wataƙila ma a cire daga albashinsa. Idan kuwa ta shekara biyar a rufe ba wanda ya taɓa ta, babu mai tambayarsa komai. A wurin da ake hukunta mutum kan lalacewar kaya amma ba a tambayarsa amfanin da aka yi da kayan, kowane mai hankali kullewa zai yi.

Wannan kuma ba a ƙasarmu kaɗai ya faru ba. Ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka ta raba wa 'yan firamare ƙananan kwamfutoci sama da dubu 800 a ƙarƙashin shirin nan na kowane yaro da tasa kwamfutar. A 2012 aka fitar da sakamakon binciken da aka yi a makarantun karkara sama da 300, aka tarar yara sun iya sarrafa na'urar, amma babu ci gaban da aka gani a lissafi da karatun harshe, kuma babu alamar koyarwar da ake yi a aji ta sauya. An zuba na'ura a cikin tsohon tsari, tsarin ya haɗiye ta.

Mun ga namu a 2020. Da cutar korona ta ɓulla aka rufe makarantu a watan Maris, 'yan ajin ƙarshe suka koma a Agusta don jarrabawar WAEC, sauran kuma akasari sai wajen Oktoba. Jihohi irin su Kano da Kaduna suka koma koyarwa ta rediyo da talabijin. A ɓangaren makarantu masu zaman kansu kuwa, iyaye mata sun ga bambanci da idonsu. Inda malamai dama sun saba zama tare su tsara darasi, suna da lambar juna da ta iyaye, kuma shugaba ta saba jin shawarar na ƙasa da ita, cikin 'yan kwanaki aka buɗe zaurukan WhatsApp, malama ta naɗi darasi da muryarta ta tura, yaro ya yi aiki a ɗauki hotonsa a mayar. Ba wani kayan zamani mai tsada suka yi amfani da shi ba, wayar hannun malama ce kawai. Inda kuwa aka saba komai sai an jira umarni daga sama, jiran aka yi ta yi har aka buɗe makarantu. Ba a fafe gora ranar tafiya, abin da wuri ya saba da shi a zaman lafiya shi zai yi ranar da ta ɓaci.

Kunyar tambaya

Karatu ta intanet yana da wani hali da ya bambanta da na aji: dole sai mutum ya yi ta kuskure kafin hannunsa ya faɗa. Za ki manta lambar sirri, za ki danna inda bai kamata ba shafin ya ɓace, za ki buɗe makirfo a tsakiyar darasi kowa ya ji kukan ɗanki. Babu wanda ya koya ba tare da ya bi ta nan ba. Tambayar ita ce, a wurin aikinki me ke biyo bayan irin wannan kuskure, taimako ko dariya?

Wata malamar jami'ar Harvard mai suna Amy Edmondson ta yi bincike a kan ma'aikatan jinya a wasu asibitoci biyu a Amurka, wanda aka buga a 1996. Ta shiga da zaton cewa ɗakunan da ke da shugabanci nagari su ne za su fi ƙarancin kuskuren ba da magani. Da alƙaluma suka fito sai ta ga akasin haka, su ne suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka bi diddigi sai ta gane cewa ba wai sun fi yin kuskure ba ne, sun fi faɗinsa ne, domin ba sa tsoron shugabarsu. A ɗakunan da shugaba ke da zafi kuwa, ɓoyewa ake yi. Daga nan ta gina bayaninta cewa jama'ar da ke aiki tare ba sa koyon sabon abu sai kowa ya samu natsuwar cewa ba za a wulaƙanta shi ba idan ya yi tambaya ko ya ce bai sani ba.

Mu a nan abin ya haɗu da wata ɗabi'a tamu mai kyau, wato girmama na gaba, sai dai a wurin aiki takan juye ta zama shinge. Malama mai shekara 25 tana koyarwa, wadda ta yaye ɗaruruwan yara, yaya za ta je gaban yarinyar da aka ɗauka bara, sa'ar 'yarta, ta ce nuna mini yadda ake tura wannan? Ita ma yarinyar ba za ta iya zuwa ta ce Anti kawo in nuna miki ba, kada a ce ta cika rawar kai ko ba ta da kunya. Sai ilimin ya tsaya a tsakaninsu, mai shi ba ta bayar ba, mai buƙata ba ta karɓa ba, alhali tebur ɗaya suke cin abinci. Muna faɗa da baki cewa matambayi ba ya ɓata, amma a ofisoshi da yawa mai tambaya ita ake yi wa kallon ba ta san aikinta ba.

Akwai kuma tsoro na gaske. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin dubu 33 jarrabawar gwaji, sama da dubu 21 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. Mutane sun rabu biyu kan dacewar wannan mataki, kuma ba shi muke tattaunawa a nan ba. Abin lura shi ne, malamar da ta ga haka ko ta ji labari, ranar da aka ce ta shiga wani kwas a intanet mai ɗauke da gwaji a ƙarshen kowane darasi, abin da zai fara zuwa ranta shi ne wa zai ga makin nan, kuma me za a yi da shi? Idan shugabanni ba su fito fili sun bambance gwajin koyo da gwajin kora ba, za ta ba ɗanta wayar ya amsa mata. An samu maki, an buga takardar shaida, ba a koyi komai ba.

Maganin wannan a hannun shugaba yake, kuma ba ya cin ko kwabo. Ranar da shugabar makaranta ko shugabar ma'aikatan jinya ta zauna a ɗakin malamai da wayarta, ta kira ƙaramar ma'aikaciya a gaban kowa ta ce zo ki koya mini wannan abin ya gagare ni, to ta buɗe wa kowa ƙofa. Wadda kuwa ke sa sakatarenta ya buga mata saƙonni a takarda kafin ta karanta, kome yawan sanarwar da za ta liƙa a allo cewa kowa ya yi rajistar kwas, ma'aikatanta aikinta suke kallo.

Bitar da babu alawus

Ga wata magana da ba a cika son faɗa ba. A ma'aikatu da yawa taron bita ya daɗe da zama hanyar samun ɗan abin sawa a aljihu. A tura mutum Abuja ko Kaduna kwana uku, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga jaka da littafi. Da ƙarancin albashi, ba abin zargi ba ne mutum ya so wannan. Sai dai ya haifar da abu biyu. Na farko, zuwa bita ya zama kyauta da oga ke yi wa na hannun damarsa, ko aikin ya shafe su ko bai shafe su ba, shi ya sa za ki ga fuskoki ɗaya a kowane taro. Na biyu, duk karatun da babu ambulan a ƙarshensa ana ganinsa kamar wahalar banza. Kwas na intanet kuwa babu kuɗin mota, hasali ma ke za ki sayi data da kuɗinki.

Abin takaicin shi ne, mu mata mu ne ya kamata mu fi kowa murna da wannan sauyi. Shekara da shekaru ana tsallake matar aure a jerin masu zuwa bita, wani lokaci ma ba tare da an tambaye ta ba. A ce ai tana da goyo, ai maigidanta ba zai bari ba, a rubuta sunan wani. Shi kuma ya dawo da takardar shaida, gobe ranar ƙarin girma ita za a duba. Karatun da ake yi daga inda mutum yake ya kawar da wannan uzuri baki ɗaya. Babu kwana a otal, babu neman wanda za a bar wa yara, babu doguwar tafiya a hanyoyin da hankali bai kwanta da su ba.

Karatu daga nesa ma ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, inda jajis, wato dattawan mata da ta naɗa da malfa da jan rawani, ke karɓar karatu a wurinta su kai wa matan ƙauyuka da ba za su iya baro ɗakunansu ba. A 1976 aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, wato NTI, a Kaduna, wadda ta hanyarta ɗimbin malamai mata suka samu NCE suna bakin aiki, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako. Ita ma NOUN tun 1983 aka kafa ta zamanin Shagari, aka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Abin da ya sauya kawai shi ne abin da ke ɗauko karatun.

Lokacin wa za a ci?

Nan ne gizo ke saƙar. Da yawan shugabanni idan suka ji an ce karatun intanet ana yinsa a kowane lokaci, abin da suke fahimta shi ne ba sai sun ba da lokaci ba, kowa ya yi a gida. Namiji ya tashi aiki, ya ci abinci, ya yi sallar isha'i, yana da awa biyu ko uku nasa na kansa. Ke fa? Kin tashi ƙarfe biyu ko huɗu, kin biya kin ɗauko yara, ga girkin dare, ga shirin Islamiyya, ga aikin gida na makarantar boko, ga wanki, ga maigida da nasa haƙƙin. Ranar girkinki ce ko ba ranarki ba ce, kafin ki samu zama goma ta wuce, wayar ma babu caji. Idan ma'aikaciyar jinya ce mai aikin dare, ba a ma magana. Bayan wata biyu sai a fito da jerin waɗanda suka kammala, a ga maza sun fi yawa, a ce ai mata ba su da himma.

Kammala irin wannan karatu da wuya ne ko ga wanda ba shi da ɗawainiya. Wani bincike da aka buga a 2019 kan darussan intanet na jami'o'in Harvard da MIT ya nuna cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kimanin mutum 3 ne cikin 100 na waɗanda suka shiga suka kai ƙarshe. Amma cikin waɗanda suka biya kuɗi don samun takardar shaida, kusan rabi sun kammala. Wato mutum yana jurewa ne idan akwai abin da ya ɗaure shi da karatun. A wurin aiki abin da ke ɗaure mutum shi ne lokacin da aka ware masa, da abokan da suke yi tare, da sanin cewa wani zai tambaye shi ina aka kwana.

Makarantar da ta shirya da gaske za ki gane ta daga jadawalinta. An cire awa ɗaya a mako, a ce ranar Laraba bayan an tashi yara ko kafin a tashi, an rubuta ta kamar yadda ake rubuta darasin lissafi. Malamai su zauna wuri ɗaya, a kunna data ɗaya kowa ya ja, wadda ta gane ta nuna wa wadda ba ta gane ba. Mai goyo ta zo da goyonta. A asibiti kuma a duba jadawalin aiki a rage wa mai kwas wani abu, ko da sau ɗaya ne a mako. Kuɗin datan wata guda na irin wannan zama bai kai abin da ake kashewa a kan lemo da naman taron bita ɗaya ba.

Sai kuma abin da ke biyo bayan karatun. Malama ta koyi sabuwar hanyar koyar da karatu ga 'yan aji ɗaya, ta dawo za ta gwada, sai a ce mata mu nan ba haka muke yi ba, ki bi yadda kika tarar. Ungozoma ta koyi sabon bayani kan lura da mai jego bayan haihuwa, ta faɗa, sai babbarta ta ji kamar raini ne. Wadda aka yi wa haka sau biyu ba za ta sake ɓata datarta ba, kuma na kusa da ita ma sun ɗauki darasi. Wasu wuraren ma har yanzu kallon hadarin kaji suke yi wa takardar da aka samo ta karatu daga nesa, ko da kuwa daga jami'ar da hukumar jami'o'i ta ƙasa ta amince da ita ce.

Don haka 'yar'uwa, kafin ki zuba kuɗinki a wani dogon kwas, je ofishin kula da ma'aikata ki tambaya ko suna karɓar takardar wajen ƙarin girma, kuma ki nemi izinin karatu a rubuce ya shiga fayil ɗinki. Izinin baki yana tafiya ne tare da ogan da ya bayar ranar da aka yi masa canjin wurin aiki. A gida ma ki zauna da maigida tun farko ku yanke ranakun da za ki riƙa zama da awannin da za ki ɗauka, domin ganinki da waya a hannu ƙarfe goma na dare ba kowa zai fassara shi da karatu ba, musamman idan akwai dangin miji a gidan. Ki nemi abokiyar aiki ɗaya ko biyu ku yi rajista tare.

Ke kuma uwa mai neman wa yaro makaranta, idan an zagaya da ke aka buɗe miki ɗakin kwamfuta, kada ƙyallin ya ɗauke miki hankali. Shafa teburin ki ga ko da ƙura. Tambayi malamar ajin, ba shugaba ba, yaushe rabonta da shiga ɗakin, kuma wane kwas ta yi a wannan shekarar. Idan ranar taron iyaye da malamai ta zo aka kawo maganar a yi karo-karo a ƙaro kwamfutoci, ki ɗaga hannu ki tambaya wace rana ce a mako aka ware wa malamai su koyi aiki da waɗanda ke akwai, kuma mutum nawa ne ke da makullin ɗakin.